Mahauci da Akuyar da Ta Fi Shi Gudu

Can a wani zamani an yi wani mahauci mai zafin rai, ba ya cin komai sai nama da kitse. Matarsa ta kawo masa kwaɗon zogale, ya daka mata tsawa: "Ni dabba ne? Kai wa akuya!" Ta kawo gwanda, ya ce, "Kai wa akuya!"

Akuya ta yi ta ci har tana sheƙi. Shi kuwa ciki ya ɗaure, jiki ya yi nauyi.

Ranar da zai yanka ta, ta tsinke igiya. Ya bi ta, taku goma ya zube yana haki.

Matar ta ce, "Maigida, mai cin ganye ta kai bayan gari, mai cin kitse ga shi a ƙasa!"

Ya harare ta, ya ce, "Kawo zogalen nan! Wallahi sai na kama 'yar banzar nan!"