Wutar da Aka Tura Gaba

Akwatin ya yi ƙara sau biyu, koriyar fitilarsa ta kama, sai murya ta fito daga cikinsa a tausashe: "Garkuwa ta fara aiki. Gidan nan ya tsira."

Barau ya matse noti na ƙarshe, ya share zufa da hannun rigarsa. Ya ɗaura akwatin ne a jikin babban allon wutar gidan, daidai inda wayar gari take shigowa, don duk abin da zai shiga ɗakunan sai ya bi ta cikinsa. Tun farkon rani yake wannan aikin, unguwa bayan unguwa, yadda kamfani ya jera masa.

Shekara goma sha biyu ke nan Birnin Tudu yana shan wutarsa daga sama. Hasumiyoyi bakwai ne suke kama tsawa, su ɗura ta cikin manyan rumbunan wuta. Sai dai idan hadari ya yi ƙarfi rumbunan kan cika, ragowar ta kwararo cikin wayoyi ta ƙone duk abin da ta tarar. Ita mutane suke kira tumbatsa. A zamanin da Barau ya koyi sana'a, maganin irin wannan wutar sandar tagulla ce da ake kafawa cikin ƙasa mai laima, wutar ta bi ta nutse. Yanzu ƙarƙashin birnin duk hanyoyin jirgi ne da tankunan ruwa, doka ta hana haƙa ko taku ɗaya. Shi ya sa da garkuwa ta fito bana, kowa ya yi rububinta.

Matar gidan, Hajiya Turai, ta leƙo daga falo. "Malam Barau, ka tabbata ba abin da zai sami ɗakin sanyina?"

"Ranki ya daɗe, ko ƙwan fitila ɗaya ba zai mutu ba."

Yana haɗa kayansa gari ya rufe. Hadarin farko ne na damina, bayan la'asar kaɗan. Aka yi wata tsawa daga gabas, akwatin ya girgiza, rubutu ya bayyana a fuskarsa: An tura gaba.

Barau ya tsaya. Bai taɓa ganin garkuwa cikin hadari ba, kuma a wajen horo abin da aka ce musu kawai shi ne tana kawar da tumbatsa.

"Garkuwa, gaba ina?"

"Gida na gaba a kan layi."

"In shi ma yana da garkuwa fa?"

"Zai tura gaba."

"Har zuwa ina?"

"Har gidan da ba shi da ita."

Barau ya dubi wayar da ta fita daga allon. Ya san layin nan kamar hanyar gidansu, domin hanyar gidansu ce. Daga Tudun Sama yake gangarowa, ya ratsa unguwa tara, ya ƙare a Gangare, inda jerin kamfani bai kai ba sai baɗi. A can matarsa Lantana take, kuma kullum bayan la'asar tana zaune jikin na'urar da ke wanke mata ƙoda.

Ya kira ta a waya.

"Lantana, kina kan na'ura?"

"Ina kai, Malam, saura rabin awa. Ka samu ka ci abinci kuwa?"

"Kashe ta! Cire wayar daga bango!"

"Malam, jinina fa yana cikinta. Sai ta mayar mini da shi tukuna."

"Danna ta mayar yanzu. Minti nawa?"

"Biyar. Wai lafiya? Muryarka ba ta yi mini ba."

Sama ta sake haskawa. Barau ya sa hannu zai kashe garkuwar, muryar ta ce, "Ba a kashe garkuwa lokacin hadari." Ya ciro guduma daga jaka. Hajiya Turai ta ƙwalla ƙara tana salati, bai ko waiwaya ba. Duka uku ya yi wa akwatin ya tarwatse, fitilun falon suka fashe a lokaci guda, ƙaurin waya ya cika gidan. Gida ɗaya ya shanye rabonsa. Sauran gidaje dubu goma sha ɗaya suka tura nasu gaba.

"Saura minti biyu, Malam," in ji Lantana. Daga nan wayar ta ɗauke.

Da ƙafa ya ƙarasa, cikin ruwa, don jiragen ƙasa sun tsaya. Tun daga gada ya hango hayaƙi na tashi daga rufin gidajen Gangare duk da ruwan da ake zubawa. Ya same ta a kujerarta, kanta a jingine, gyalenta bai ko zame ba. Na'urar ce ta narke ta manne da bango. Mutum arba'in da ɗaya aka kai makwanci washegari daga unguwar, har da Lantana.

Bayan sadakar bakwai hukumar wuta ta kira shi ya ba da shaida. Ya faɗi duk abin da akwatin ya gaya masa, bai rage komai ba, har da adadin da ya ɗaura da hannunsa. Wani injiniya mai ƙananan shekaru ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Mun gano inda matsalar take. Layin ne ya yi gajarta."

Aka raba wa Gangare garkuwa kyauta, gida-gida. Aka kuma sanar cewa birni zai yi wa maƙwabtansa alheri: za a ja layin zuwa ƙauyen Kuka Uku, wanda bai taɓa ganin wutar gari ba. Kamfani ya nemi Barau ya jagoranci aikin, ya ajiye musu katinsa na aiki ya fita. Injuna suka ja wayar cikin kwana huɗu.

Ranar da za a kunna, ya hau motar kasuwa ya tafi ƙauyen. Ya durƙusa gaban Maigari ya yi masa bayani tiryan-tiryan cewa yanzu ƙauyensu ne ƙarshen layi kuma ba su da garkuwa, har ya zana masa layin a ƙasa da tsinke. Dattijon ya dubi zanen.

"Na ji ka, Malam, kuma na yi maka ta'aziyya. Amma tun ina yaro ake mana alkawarin wutar nan. In na ce a mayar, wa zai saurare ni?"

Kafin Barau ya amsa, guɗa ta kaure a bayan masallaci. Fitilun kan sanduna sun kama da rana tsaka, mutane sun yi cirko-cirko suna kallon sama suna dariya.

Wata mata mai goyo ta matso kusa da shi, ta rusuna.

"Baba, an ce kai mai gyaran wuta ne. Don Allah ka zo ka sa mini soket kusa da gado, in riƙa kunna wa jaririyar nan fanka."