Jan Fenti a Bayan Ladingo

Ku matso kusa. Kai Sabitu, bar mutsu-mutsun nan, in kana jin tsoro ka tafi wurin Inna tun yanzu.

A ƙauyen kakarmu, can bayan duwatsun Taraba, duk jaririn da aka haifa, a gindin bishiya ake binne cibiyarsa, cikin kurmi, bishiyar ta zama tasa ke nan. Shi ya sa ba mai sa wa kurmin gatari. Da masu katako suka zo da motoci, mata suka zauna dirshan a kan hanya, maza suka tsaya bayansu. Kwana tara ba wanda ya wuce.

Tanimu ne ya ci amana. Ɗan garin ne, amma zaman birni ya buɗe masa ido. Ya nuna wa baƙin wata ɓarauniyar hanya, suka ba shi gwangwanin jan fenti ya riƙa shafa wa manyan itatuwan da za a sare. Wai shi mai wayo, sai ya ce na matattu kawai zai shafa wa.

Rana tsaka ya shiga. A kurmin nan ko da rana duhu ne. Ya shafa wa wani ƙaton maɗaci, na wata tsohuwa da ta daɗe da rasuwa. Yana juyawa, tsuntsaye suka yi tsit.

Wata mata na tsaye. Cinnaku na hawa ƙwaurinta, ba ta kaɗe su. Ya dubi ƙafafunta. Babu yatsu. Sun nutse cikin ƙasa.

"Ɗan Hajo, ka ɓata mini zane."

Bakinta bai motsa ba. Daga sama muryar ta sauko.

"Baba, ai mai itacen nan ta mutu," in ji shi.

"Ta mutu. To wa matarka ta kawo mini goyo bara, kana birni?"

Wallahi bai taɓa tambayar inda aka binne cibiyar 'yarsa ba. Ko sau ɗaya!

Ya yar da gwangwanin, ya zura da gudu. A gida ya tarar da matarsa tana ta dirzar bayan 'yarsu Ladingo da soso.

"Malam, duba. Jan abu ne ya fito mata, ya ƙi fita."

Can nesa injin yanka ya tashi. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, jini ya tsatso a ƙafarta, alhali ba abin da ya taɓa ta.

Tanimu ya fita yana ihu har bakin hanya. "Ni ne! Ni na shigo da su! Ku taimake ni!"

Ba wanda ya tsaya zaginsa. Mata da maza suka kwasa cikin kurmi, suka rungume maɗacin, har mai injin ya kashe ya ja da baya. Amma ƙarfen ya riga ya ci gindin maɗacin kamar faɗin tafin hannu guda.

Kurmin na nan har yau. Tanimu ne ke gadinsa, ba ya iya haɗa ido da kowa.

Kun san Anti Ladingo mai kawo mana manja, wadda kuke kwaikwayon ɗingishinta? To, ita ce.

In kun je hutu, kada wanda ya bi hanyar kurmin nan shi kaɗai. Ko reshe kada ku karya. Ba ku san na wa ba ne.