Jirgin Kaka Ba Ya Bin Kwalta

Na rantse ba za ku yarda ba, amma akwai yaron da ya bar kakarsa zaune a kan akwati awa uku saboda ƙwallo.

A gida Auta ake ce masa. A unguwa kuwa Masani, don ba a taɓa faɗar abu ya ce bai sani ba.

Ranar Asabar da hantsi wayar Mama ta yi ƙara tana tsakiyar wanki. Auta ya ɗauka. Kawu ne.

"Ka gaya wa Babanka Kaka ta shiga jirgi yanzu. Ya je ya tarye ta. Ƙafarta na ciwo."

Auta ya ajiye wayar. Yau ne gasar ƙwallon makarantarsu, kuma Baba ne zai kai shi a mota.

Sai ya zauna ya yi lissafi. Bara da suka je garin Kaka, awa takwas suka yi a hanya. Jirgi ya fi mota gudu, to a ce rabi. Awa huɗu ke nan.

"Wa ya kira?" in ji Mama.

"Kawu ne. Wai Kaka za ta sauka, amma sai azahar."

"Ka tabbata?"

"Haba Mama, ni fa Masani ne."

Ya buga ƙwallo, har ya ci ɗaya. Yana cikin cika baki sai ya hango Baba riƙe da waya, fuska ba annuri. Ashe Kawu ya sake kira.

Filin jirgin garinsu ƙarami ne. Ɗaki ɗaya, jirgi ɗaya a rana. Da jirgin ya juya, sai a rufe ƙofa. A bakin ƙofar suka tarar da Kaka a kan akwatinta, ƙafar ta kumbura. Mai gadi ne ya ba ta ruwa.

"Tun yaushe ta sauka?" Baba ya tambaya.

"Tun hantsi," in ji mai gadi. "Ai tafiyar minti arba'in ce kawai a jirgi."

"Amma mu awa takwas muka yi," Auta ya faɗa a hankali.

Mai gadi ya zana layi a ƙasa da sandarsa. "Mota sai ta zagaye tafki da duwatsu, kilomita ɗari huɗu. Jirgi kuwa ta kansu yake wucewa, ko ɗari biyu bai cika ba. Jirgi ba ya bin kwalta, yaro."

Kaka ta dube shi. "Maigidana, ashe haka kake riƙon mata? Ni da nake tsoron jirgi, na rufe ido na hau don in ga wasanka."

Auta ya rasa inda zai sa kansa. Ƙwallon da ya ci ya fita masa a rai.

"Kaka, Kawu bai ce azahar ba. Ni na ƙara. Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ɗauki akwatin nan."

Baba ya ce, "Kuma mako guda ba ƙwallo. Kai za ka riƙa gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi."

Auta ya ɗora akwatin a ka, yana nishi. Kaka ta dafa kafaɗarsa tana dariya.

"Wasa na gaba a gabana za ka buga. Amma ka riƙe wannan: saƙo amana ne. Yadda aka ba ka, haka za ka kai shi."