Jan Ƙyalle a Tudun Mata

Ƙyallen yana ɗigar ruwa. Abin da Sufeto Ripeka Manihera ta fara lura da shi ke nan da ta fito daga mota a bakin Waimarohi, inda kogi ke shiga teku, ƙarfe huɗu na yammacin Talata. Ruwan teku, da ke cika ya janye sau biyu kullum, ya soma janyewa, dogon turken da ke Tudun Mata ya fito rabi. A tsakiyarsa an ɗaure jan ƙyalle, ciyawar ruwa na reto a jikinsa.

Alamar rahui ce. In mutum ya mutu a ruwa, ba mai ƙara ɗibar abinci a wurin sai dattawa sun ɗage hanin.

Saje Dean Pritchard ya tarye ta da littafinsa a buɗe.

"Eruera Tamehana, shekara sittin da takwas, mai gadin gandun nan. Wasu masu kallon tsuntsaye suka ga gawarsa cikin ciyayi ƙarfe sha ɗaya na safe. Akwai rauni a ƙeyarsa. An kai shi wajen likita."

"Jirginsa fa?"

"Ya maƙale a ƙarƙashin gada. Allunan sanarwa shida a ciki, sababbi ful, ko ɗaya bai kafa ba."

"Me aka rubuta a jiki?"

"An rufe Tudun Mata shekara biyar. Ba tono."

Ripeka ta san abin da wannan ke nufi, don mahaifiyarta 'yar garin ce. Shekara sittin da suka wuce aka karkatar da kogin, aka busar da fadamu saboda kiwon shanu. Laka ta taru, tuangi suka dinga mutuwa, 'yar kumbar nan da mata ke tonowa cikin yashi a dafa. Bayan shekara talatin aka zo da katafila za a cike ragowar fadamar, magidanta biyu suka kwanta a gabanta: Eruera da yayan matarsa, Hirini Rewiti. Kwanansu tara a tsare. Sanadinsu aka mai da wurin gandun gwamnati. Sai dai dokar da ta kori katafila ita ce ta hana mutanen gari kamun kifi da tono ko'ina, in ban da tudun yashi guda ɗaya, wato Tudun Mata. Eruera ya karɓi aikin gadi. Hirini bai taɓa yafe wa dokar ba.

Ta same shi a zauren taron gari yana nuna inda za a shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Dogo ne, tsufa ya ɗan ranƙwafar da shi.

"Ashe 'yar Huhana ce," ya ce. "An ba ki ofis a birni kin manta hanyar gida. Sai da gawa muke ganinki."

"Sannu da haƙuri, Kawu. Kai ka sa rahui?"

"Wa kuma? Ni kaɗai na rage da ya san addu'ar."

"Da yaushe?"

"Bayan an fito da shi. Wajen sha biyu. Na shiga kwalekwale na je na ɗaura."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Ran Lahadi, a coci."

"An ce kun yi cacar baki kan rufe tudun."

"Shekara talatin muna yi, 'yata. Shi yana auna tuangi da ma'auni, ni ina cinye su." Ya gyara bakin wata tabarma da ƙafa. "Ki je ki tambayi mai shanu."

Gonar Gordon Aitken ce ta ƙarshe kafin ruwa. Da safiyar Laraba suka tarar da shi yana wanke rumfar tatsa da tiyo, bai ko kashe ruwan ba.

"Rabona da shi tun watan jiya," ya ce.

Ripeka ta ɗaga wata 'yar kwalba a cikin leda. A jirgin mamacin aka same ta, da ruwa kore-kore a ciki.

"Rubutunsa ne. Magudanar Aitken, Litinin, huɗu da kwata. Ka karanta da kanka ko in karanta maka?"

Gordon ya kashe tiyon.

"To. Tafkin kashin shanu ya cika, na buɗe magudana na ɗan lokaci, ya kama ni. Na zage shi, ya rama. Na ce masa kakana ya sayi wannan ƙasa tana laka zalla, ya ce a hannun wa ya saya. Kullum nan muke tsayawa."

"Sannan?"

"Sannan ya tambaye ni gwiwar matata. Ya ce zai kawo mata wani ganye." Ya share hanci da bayan hannu. "Tara zai sa a ci ni, Sufeto, ba rataye ni zai yi ba."

"Ina ya nufa daga nan?"

"Tudun Mata. Wajen biyar da rabi, ruwa ya janye. Akwai wani a can a sunkuye yana tono. Ya yi nisa, ban gane ko waye ba."

A mota Saje ya ce, "Wanda ya yi ƙarya sau ɗaya zai yi biyu. Mu tafi da shi ofis, ranki ya daɗe."

Kafin ta amsa, likita ya bugo waya. Raunin ƙeyar ya yi daidai da gefen jirgin ƙarfe, amma ba shi ya kashe Eruera ba. Huhunsa cike yake da ruwa.

Atareta, matar mamacin, tana zaune a kicin ɗinta da baƙaƙen kaya. Ta kori maƙwabta zuwa falo, ta zuba wa Ripeka shayi ba tare da ta tambaye ta ko tana sha ba.

"Kin kama Aitken?"

"Tukuna, Gwaggo."

"To me kike jira? Abu ɗaya nake so a wajenki. Kafin in binne shi in san wanda ya bar min shi a ruwa."

"Da bai dawo ba ran Litinin, ba ki neme shi ba?"

"In ruwa ya tare shi, a rumfar gadi yake kwana a tsallake. Na saba. Ni haushinsa ma nake ji kan allunan nan. Na ce masa uwata a tudun nan ta koya min tono, kai kuma za ka kafa min allo. Ya ce in ba a rufe ba jikokinmu sai dai su ga tuangi a hoto." Ta ɗan yi murmushi. "Amma ya ce ranar Laraba dokar za ta fara, in je in tono na ƙarshe. Shi ya sa na yi sammako ran Talata da kwandona, in dafa masa ya dawo ya tarar."

Ripeka ta dubi kwandon da ke rataye a bayan ƙofa. A bushe yake, ko yashi babu.

"Kin tono?"

"Ina fa. Ina isa baki na hango rahui a turke, na juyo. Har ina cewa Allah sarki, ɗan wa ruwa ya ci. Ashe nawa ne."

"Ƙarfe nawa ke nan?"

"Shida da rabi. Ruwa na ƙasa."

Ripeka ta rubuta. Ta daɗe tana kallon abin da ta rubuta.

"Shayinki zai huce," in ji Atareta.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas na safe ruwa ya janye ƙarƙaf. Ripeka ta cire takalma ta taka yashin har gindin turken, Saje na biye da ita yana mitar sabon wandonsa. Ta tsaya ta jingina da itacen. Ƙullin ƙyallen ya zo mata daidai kafaɗa. Can sama da kanta akwai koren zobe, iyakar inda ruwa ke kaiwa in ya cika.

"Ran Talata ruwa ya cika da yaushe?"

Saje ya duba takardarsa. "Ɗaya saura ashirin na rana."

"Kawu ya ce wajen sha biyu ya ɗaura daga cikin kwalekwale."

Saje ya dubi zoben, ya dubi ƙullin. "Sai dai in nutso ya yi, da shekara saba'in da ɗaya." Dariyar da ya fara ta tsaya. "A tsaye aka ɗaura shi."

"A tsaye, kafin shida da rabi. Gawa kuwa sai sha ɗaya."

Da rana za a dawo da Eruera gida. A bayan zauren an haƙa ramin gashi don abincin baƙi, wuta na cin itace a kan duwatsu. Hirini na zaune kan akwatin katako shi kaɗai yana feraye dankali. Ripeka ta ce Saje ya tsaya a jikin mota, ta jawo bokiti ta kifa ta zauna.

"Kin zo taya ni ne, ko hannun birni bai san wuƙa ba?"

"Kawu, na je turken."

Wuƙar ta ci gaba da zagaya dankalin.

"Ba daga kwalekwale aka ɗaura ƙyallen ba. Gwaggo Atareta ta gan shi tun shida da rabi na safe. A lokacin babu wanda ya san akwai mutum a ruwa."

Ya gama feraye wanda ke hannunsa, ya jefa cikin ruwa, ya ajiye wuƙar a ƙasa tsakaninsu, ƙotar tana fuskantar Ripeka.

"Ina tono ya zo da allunansa," ya ce. "Na ce Eru, ka bari sai Laraba mana, kamar yadda takarda ta ce. Ya ce kafawa kawai zai yi. Na ce don cikin 'ya'yanmu muka kwanta gaban katafila, ba don baƙi su zo da madubin hange su ƙirga tsuntsaye ba. Aitken na zuba mana kashi, mu ake hana ci. Ya ce shekara biyar kamar gobe ne. Na ce ka dube ni da kyau, ina da shekara biyar?"

"Sai me ya faru?"

"Na kama allon, ya kama. Muna ja kamar yara. Na ture shi." Ya dubi tafin hannunsa. "Ya faɗi ta baya, kansa ya bugi jirgin. Na kira shi, na girgiza shi, shiru. Tsoro ya kama ni, 'yata. Ni da ban ji tsoron katafila ba. Na tura jirgin na tafi gida."

"Ƙyallen fa?"

"Ran Litinin da rana na biya ta gidansu, na ga ta sauko da kwandonta. Na san za ta yi sammako. Komai zan iya haɗiyewa, ban da ƙanwata ta dafa abinci daga ruwan da mijinta ke kwance ciki ta ci. Gari na fara haske na je na ɗaura. Na duba inda na bar shi, ruwa ya riga ya tafi da shi." Ya ɗago. "Abin da nake riƙe da shi ɗaya ne. Bai sha wahala ba. Faɗuwar nan ita ce ta ɗauke shi."

Ripeka ta so ta yi shiru. Amma zai ji a kotu, daga bakin wanda bai san shi ba.

"Ba ita ba ce, Kawu. Likita ya sami ruwa a huhunsa. Yana numfashi lokacin da ka tafi. Sai da ruwa ya dawo ya rufe shi sannan ya cika."

Hirini ya juya ya dubi ramin. Wani itace ya karye cikin wutar.

"Taku ashirin ne zuwa busasshen yashi," ya ce a hankali. "Ai da na iya jan shi."

A lokacin Ripeka ta lura da inuwa a ƙofar kicin ɗin zauren. Atareta ce tsaye da butar shayi da kofi ɗaya, ta kawo wa yayanta. Ba a san tun yaushe take wurin ba.

Ripeka ta miƙe. "Hirini Rewiti, na kama ka bisa mutuwar Eruera Tamehana. Ba dole ne ka ƙara cewa komai ba. Abin da ka faɗa za a iya kai shi gaban alƙali, kuma kana da damar ganin lauya."

Saje ya matso da ankwa. Ta girgiza masa kai, ya mayar aljihu, ya kama gwiwar hannun tsohon ya taya shi tashi.

Da suka zo daidai ƙofar kicin Hirini ya tsaya.

"Ata," ya ce. "Ki zage ni. Ki ce wani abu, ko mene ne."

Ta dube shi kamar tana neman wani da ta sani a fuskarsa. Ta sunkuya ta ajiye butar a kan dakali, ta ɗora kofin a gefe, ta gyara masa zama don kada ya faɗi. Daga bakin titi aka ji muryar wata tsohuwa ta ɗaga kiran tarbar gawa, motar ta shigo gari.

Atareta ta ja mayafinta ta rufe kai, ta bi ta gefen zauren, ta nufi wajen motar gawar.