Kuben Harouna

Da azahar aka tsinci gawar direba Mumuni a bayan magazan ajiyar gyaɗa na unguwar Boukoki, harsashi biyu a ƙirji. Kafin Sufeto Isaka ya iso, yaransa sun kama Alu, ɗaya daga cikin gardi biyu masu gadin wurin, don bindigar da ke ƙugunsa tana warin albarushi. Shekara biyu da samun 'yancin kai, alƙalai na ɗokin nuna su ma sun iya hukunci. Wuyan Alu ne ke cikin haɗari.

"Wallahi Mushe Sufeto, wannan ba tawa ba ce," in ji Alu.

"To ta wa ce?"

Alu ya saci kallon abokin gadinsa. Shi da ɗaya gardin, Harouna, tare suka yi sojan Faransa.

Harouna kuwa ko gezau. "Ina masallaci. Ga tawa, sansana ka ji."

Ba ta warin komai. Baturen da ya ba su bindigogin ya koma gida bai rubuta wa ke da wacce ba, kamar yadda Turawa suka bar mana abubuwa da yawa.

A komisariya, ofishin 'yan sanda, Sufeto ya jera bindigogin kan tebur. Duka Walther ne, harsashinsu ɗaya, ƙirarsu ɗaya. Amma PP ɗin da Harouna ya miƙa ta fi tsawo da kusan gaɓar yatsa, tana cin harsashi takwas. PPK, wadda aka yi kisan da ita, gajera ce, bakwai take ci.

Ya sa aka kawo kubensu. Ɗinkin baduku ne, kowanne an auna shi a jikin bindigarsa. Ya jefa gajerar a kuben Alu, ta nutse tana lilo. Ya tura wa Harouna doguwar.

"Sa ta a naka, ka rufe."

Harouna ya danna, ya ja murfin, maɓalli ya ƙi kaiwa.

"Yaushe ka musanya?"

"Da Alu ya rataye ɗamararsa zai yi alwala."

"Me ya hana ka ɗauke har kuben?"

"Layata na ɗinke a cikin nawa. Ita ta fid da ni daga yaƙi, ba na rabuwa da ita. Bara Mumuni ya take 'yata Jamila da kamyo, babbar motarsa, aka ce tsautsayi ne. Kullum sai ya wuce ni yana fito."

Abin ya sosa wa Sufeto rai, amma ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Alu, an sake shi.

"Da ka faɗa mini, Harouna, da na raka ka kotu ko sau goma ne," in ji Alu. "Ni na sa Jamila a kabari da hannuna."

Harouna bai ɗago kai ba har aka shigar da shi mota.