Taswirar Burtalin Aujara

Ranar da Musaddiq ya fara ganin Ikilima, ita ce ta dawo masa da taswirarsa.

"Malam, an ce ka gyara," ta faɗa a hankali, ta turo fayil ɗin ta tagar rajistar ofishin filaye. Da ta ɗago ido, sai ya manta tambayar da zai yi.

Musaddiq safiyo ne, mai awon filaye. Sati biyu ya yi a bayan Aujara yana kafa turakun siminti, kuma awonsa ya nuna tsohon burtalin shanu ya ratsa filin da ake shirin yankawa fuloti-fuloti. Jami'in filaye, Alhaji Lado, ya ce babu hatimi sai an goge burtalin. Musaddiq ya ce hannunsa ba zai zana ƙarya ba.

Daga nan aiki ya ɗauke masa, abokan sana'a suka daina kiransa. Duk Litinin yakan zauna a bencin ofishin shi kaɗai har la'asar, sannan ya koma ɗakin hayarsa a Limawa, inda babu mai ce masa sannu da zuwa.

Wata Litinin saƙo ya shigo wayarsa:

"Salam. Ikilima ce ta rajista, a fayil na ga lambarka. Tun safe ban ga ka ci komai ba."

"Yanzu na ƙoshi," ya mayar mata.

A haka shaƙuwa ta kama su. Yana ce mata Sanyin Idona, tana tsokanarsa da Mai Taurin Kai. Sai daga baya ta gaya masa Alhaji Lado kawunta ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayenta.

Da magana ta je kunnen Alhaji, ya ce, "Wannan yaron? Ga Sagiru nan, safiyo mai jin magana, har ya zana mana sabuwar taswira. In aure kike so, ki duba shi."

A satin nan aka nemi fayil ɗin Musaddiq aka rasa. Cikin zafin rai ya rubuta mata:

"Ashe aiko ki aka yi. Na gode."

Ba ta amsa ba. Wata biyu yana rubuta ban haƙuri yana gogewa. Ita kuma tana kallon bencin nan babu kowa.

Ana haka makiyaya suka kai ƙara, aka turo kwamiti. Da aka tambayi awon farko, Alhaji ya ce ya ɓata. Ikilima ta miƙe, ta buɗe durowarta.

"Ga shi, ranka ya daɗe. An ce in haɗa shi da tsofaffin takardun da za a ƙona, na kasa."

Aka sa wa taswirar hatimi, aka ɗauke Alhaji daga kujerar.

Musaddiq ya tare ta a bakin ƙofa. "Sanyin Idona, na zalunce ki."

"Ka zalunce ni kam," ta ce, hawaye na zubo mata. "Da na gaya maka, da ka yi ta rigima har a gane fayil ɗin yana wurina."

Wata guda Alhaji bai amsa gaisuwarta ba. Kullum takan durƙusa ta gaishe shi, ta tashi a sanyaye. Ranar da iyayen Musaddiq suka zo gidansa a Yalwawa neman aure, Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Ni na koya mata kada ta yi ƙarya," ya ce. "Ni kuma na fara mantawa. Na ba shi."

Bayan ɗaurin aure Alhaji ya shiga cikin gida, ya tsaya a kan amarya. Ta durƙusa.

"Kawu, ka yafe min."

"Ke za ki yafe min, 'yata. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya mai gaskiya irin taku."

Ta riƙe gefen rigarsa tana kuka, sai da ƙawayenta suka ɓanɓare hannunta sannan aka kai ta mota.