Saƙon da Ya Zo Daga Lome

Ranar da Ummulkhairi ta fara ganin Suhaib, mahaifiyarta Inna Mero ta raka awon hawan jini a wani asibiti da ke Unguwar Rimi.

Suna layin karɓar magani sai layin ya tsaya cak. Wata mata ce goye da yaro a gaban taga, tana nuna kwalbar da aka miƙo mata tana girgiza kai, hawaye na zuba. Saurayin da ke ba da maganin ya gwada Hausa, ya gwada Turanci, har da buroka, ba ta gane ko ɗaya ba.

Ummulkhairi tana aji biyu a jami'a a lokacin, tana karanta Faransanci da tarihin Turai, amma ba ta taɓa buɗe baki da harshen a wajen aji ba. Ta matsa, ta yi wa matar magana a hankali, sannan ta juyo.

"Daga Kamaru suka zo. Ta ce an taɓa ba yaron irin wannan maganin, jikinsa ya kumbura har numfashi ya nemi gagarar sa."

Saurayin ya janye kwalbar da sauri, ya kira likita aka sauya. Da layi ya zo kansu ya dube ta ya ce, "Yau Allah Ya tsare ni ta dalilinki. Idan irin haka ta sake faruwa, wace lamba zan kira?"

Ta karanto masa. Da la'asar ya kira, sai ya ji muryar dattijo. Lambar mahaifinta ce, Malam Ubaidullah, mai makarantar allo da karatun zaure a Unguwar Kanawa. Suhaib bai katse ba. Ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da na iyayensa, ya nemi izinin zuwa.

Haka aka fara. Duk Asabar yana zaure, ita kuma tana gefen tabarma da littattafanta. Ta ba shi labarin yadda talakawan Faransa suka tsige sarkinsu, da yadda aka zauna a Berlin aka raba Afirka babu ɗan Afirka ko ɗaya a ɗakin. Ya sa mata suna Tafinta, ita kuma ta ce masa Mai Magani.

Wata rana ya rubuto: "Tafintata, yau an kawo mana kwalin magani da rubutun mutanenki a jiki. Na yi ta kallonsa kamar ke ce za ki fito daga ciki."

Ta amsa: "Mai Magani, ka kula da aikinka. Kar ka ba wani maganin tari a madadin na ciwon kai, a ce ni ce sanadi."

Dama tun shigarta jami'a ake ƙananan maganganu a unguwa, wai 'yar malam guda ta rasa abin karantawa sai yaren nasara. Malam bai taɓa tanka wa kowa ba. Amma da aka shiga aji uku, aka ce dole kowane ɗalibi ya je ya zauna wata tara a inda ake magana da harshen, sai da ya yi sati yana nazari. Daga baya ya yi istihara, ya raka ta tasha da kansa.

A Lome, babban birnin Togo, an sauke ta a gidan wata tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu. Maman take ce mata, wato mama da Faransanci, kuma da wannan sunan Suhaib ya san ta a duk hirarsu ta waya.

Matsalar tana gidan su Suhaib. Mahaifiyarsa Hajiya Ramatu, wadda ta yi ritaya tana darakta a ma'aikata, ta daɗe da ajiye masa Safiyya, 'yar yayanta da ta riƙa tun tana ƙarama.

"Budurwa ta yi wata tara a wata ƙasa babu muharrami, ka ce ita za ka kawo min?" in ji ta. "Kuma me ake yi da digirin Faransanci yau, su kansu Faransawan ana korar su daga Nijar?"

Da kyar mahaifinsa Alhaji Haruna ya shawo kanta ta yarda yarinyar ta zo gaisuwa bayan ta dawo.

Ummulkhairi ta je da atamfar Togo tsaraba. Hajiya ta amsa gaisuwar a daƙile. Da aka kira azahar Ummulkhairi ta saka wayarta a caji a falo ta shiga yin salla. Ba ta san saƙo ya shigo ba, ba ta san Safiyya ta ɗauki hotonsa ta sa wayarta ta fassara ba.

Washegari da hantsi hoton ya iso mata daga Suhaib, da fassarar a ƙasa: "Masoyiyata, ɗakinki fayau yake babu ke. Ina kewarki. Ina sumbatarki sosai. Dominique."

Sai saƙonsa ya biyo baya: "Ummulkhairi, waye Dominique?"

Cikakken sunanta da ya rubuta shi ya fara sanyaya mata jiki. Ta rubuta: "Maman ce. Sunanta ke nan. Haka suke rufe wasiƙa ga 'ya'yansu."

"A wurin aikinmu akwai Dominic, kuma namiji ne. Shekara biyu ina kare ki a gaban Hajiya. Ki faɗa min gaskiya ko da ɗaci."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira har sau uku. Sai ta ajiye wayar, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Kafin sati ya zagayo hoton ya shiga wayoyin unguwa. Mata huɗu suka daina zuwa karatun da Inna Mero ke yi wa matan aure da safe. Wani maƙwabci ya tare Malam a ƙofar masallaci ya ce, "Mun dai faɗa tun farko." Ummulkhairi ta daina cin abincin kirki, takardun binciken kammala karatunta suna zube a kan gado ba ta ko duban su. Ba maganar unguwa ce ta fi cin ranta ba. Mutumin da ya fi kowa sanin ta, shi ne ya gaskata waya a kanta.

Ran nan bayan sallar walaha Malam ya kira ta zaure.

"Kawo wayar. Karanta min kalma-kalma, yadda muke bitar littafi."

Ta karanta, ta fassara, ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Ya ce ta kawo shaida daga littafi. Ta ɗauko na aji ɗaya, ta buɗe babin rubuta wasiƙa, ta nuna masa inda kaka ta rufe wasiƙarta ga jikarta da wannan jimlar.

Malam ya shafa gemu, ya ce, "Balarabe yakan ce wa wanda yake ƙauna, uwarka ta rasa ka, kuma ba baki ya yi masa ba. Wanda ya tsaya a kan kalma ya bar al'adar masu ita, ya ɓata. Tashi ki ci abinci, uwata."

Ya aika wa Alhaji Haruna cewa yana son ganin su, har da Hajiya da yaron. Suka zo ranar Lahadi da la'asar. Suhaib ya rame, ya kasa ɗaga kai. Malam bai yi dogon bayani ba, ya ce Ummulkhairi ta kira lambar da saƙon ya fito, kira mai hoto.

Wata tsohuwa ta bayyana, kanta fari fat, da tabarau a kan hanci. Da ta ji abin da ya faru sai fara'arta ta ɗauke, ta shiga magana da sauri tana nuni da yatsa. Babu mai fassarawa sai wadda ake magana a kanta.

"Ta ce sunanta Dominique tun shekara sittin da takwas da suka wuce, kuma a wurinsu maza da mata duk suna amsa shi. Ta ce wata tara na yi a gidanta, ƙarar ruwan alwalata ce ke tashin ta kullum, kuma magariba ba ta taɓa yi min a waje ba." Ummulkhairi ta ci gaba, "Ta ce wanne ne saurayin? Ta ce a faɗa masa, wanda bai iya tambaya ya jira amsa ba, bai isa aure ba."

Hajiya Ramatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Alhaji Haruna ya shiga ba da haƙuri, ya ce a tsayar da rana kawai.

Malam ya ce, "Ba ni aka yi wa ba, Alhaji. Ga mai maganar nan."

Ummulkhairi ta ce, "Baba, ina da jarrabawa nan da wata uku. A bar ni na gama tukuna."

Suna fita saƙonsa ya shigo: "Ba ni da bakin kare kaina. Kin faɗa min gaskiya tun a saƙon farko, na ƙi ji, don tsoron kar a ce an yaudare ni ya fi ƙarfin yardar da na yi miki. Ki yafe min ko da ba za ki aure ni ba."

Ta karanta, ta kife wayar, ta koma kan takardunta.

Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo ya gaida Malam, ya zauna a cikin ɗalibai, ya tashi bai nemi ganin ta ba. Ta labulen ɗakin Inna take hango takalmansa. A sati na biyar Hajiya Ramatu ta zo da kanta, Safiyya na biye da ita idanu sun kumbura. Hajiya ta zauna a tabarmar Inna Mero ta ce, "Ni na ba da ƙofa, shi ya sa yarinyar nan ta yi abin da ta yi. Na je gidajen da hoton ya shiga ɗaya bayan ɗaya na warware. Ummulkhairi, ki yafe wa uwarki."

Ummulkhairi ta durƙusa ta ce ta yafe. Matan karatun safe suka dawo su uku, ta huɗun ba ta sake zuwa ba.

Ranar da ta fito daga jarrabawar ƙarshe, ta zauna a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a bakin sashensu, ta daɗe da waya a hannu kafin ta rubuta: "Na gama. Na yafe maka tuntuni, amma ban manta ba, kuma ban san ranar da zan manta ba. Idan za ka iya zama da ni a haka, ka turo su Alhaji."

Amsa ta zo nan take: "Zan iya. Gobe suna hanya."

An ɗaura auren wata Asabar da hantsi a masallacin unguwarsu, maƙwabcin nan ma yana sahun gaba. Da yamma, kafin a tafi da amarya Unguwar Rimi, Malam ya sa aka kira ango cikin gida. Ya kama hannun 'yarsa, ya daɗe bai saki ba.

"Suhaibu, na ba ka ita ba don ba ka yi kuskure ba, sai don ka san ka yi. Allah Ya sa albarka a tsakaninku, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya raba ku da zato."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. A ƙarƙashin lulluɓi Ummulkhairi ta ji muryar Suhaib da ya ce tasa amin ɗin, sai ta ce tata a hankali, ta miƙe.